Mazari: Ɗan sandan da ya tufatar da fadar Damagaram

A ƙasashen Turai, masu tara kayan tarihi suna zuba kuɗi wajen sayen ƙananan kekunan kaɗi na ado, musamman idan an danganta su da gidan sarauta. Ita kanta Sarauniya Biktoriya ta Ingila an taɓa ɗaukar hotonta zaune gaban keken kaɗi. A ƙasar Hausa, mazari ne ya yi wannan aiki: ɗan siririn sanda mai gululun yumɓu a gindi.

Kafin zare ya samu, sai mace ta gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, sannan ta shafa alli a yatsu ta murza mazari cikin taskira. Siririn zare da abawa mai kauri su ne masaƙa ke karɓa, daga nan sai marina.

Wannan aiki na cikin gida ya ɗauki nauyin babban ciniki. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851 kafin daga baya ya yada zango a Zinder, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu. Takieta, mai tazarar kusan kilomita 50 yamma da Zinder, tana kan mararrabar hanyar da ke gangarawa Matamaye da Daura zuwa Kano.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta yi ƙarfi, an kewaye Birni da ganuwa, ayarin raƙuma na zuwa daga Agadas. A fadojin wancan lokaci, kyautar riga da rawani ita ce alamar yardar sarki ga hakimi ko baƙo. Kowace irin rigar nan ta saƙi, daga yatsun mata ta faro, amma sunan sarki tarihi ya riƙe, ba nasu ba.

Yau atamfa da shaddar kanti da gwanjo sun mamaye kasuwa, masu iya kaɗi kuma galibi tsofaffi ne. Mazari ba shi da tsada, shi ya sa ake zubar da shi idan mai shi ta rasu. Zinder na da gidan adana kayan tarihi, sai dai abin da ba a kai masa ba, ba zai adana ba. Duk wanda kakarsa ke raye, ya tambaye ta inda mazarinta yake, ya kuma ɗauki bidiyon yadda take murza shi.