Me Ya Hana Squid Ajiye Komai?

Duk ƙarshen zangon karatu, shafin intanet na wata makarantar kuɗi a Vinikilang, tsallaken gadar Benuwe daga Jimeta, sai ya sanƙare. Iyaye na ta danna waya, shafi ya ƙi buɗuwa. Aka ɗauko wani matashin injiniya, ya girka Squid a gaban sabar makarantar. Manhaja ce da ke aiki tun 1996: abin da aka nema sau ɗaya sai ta ajiye kwafinsa, idan wani ya sake nema ta miƙa masa ba tare da ta wahalar da saba ba. Randa ce a ƙofar gida, ba sai kowa ya gangara kogi ba.

Zango ya ƙare, shafi ya sake sanƙarewa.

Hedimasta ya ce sabis ne, don a Najeriya shi ake fara zargi. Aka gwada da layuka daban-daban, har daga cikin Jimeta, duk kanwar ja ce. Wuta kuwa akwai sola. Injiniya ya duba saiti ko ya bar Squid a ƙofarta ta asali, 3128. A'a, tana kan 80, ga kalmar accel a gabanta yadda ya kamata.

Sai ya buɗe access.log, rajistar da Squid ke rubuta kowace buƙata. TCP_HIT na nufin daga ajiya aka bayar, TCP_MISS kuma sai da aka je saba. Layi bayan layi, MISS ne, har bajon makarantar da bai taɓa canzawa ba. Faifai kuma ba cika ya yi ba. To wa ya hana ta ajiya?

Ashe sabar ce da kanta. Kowace amsa tana fitowa da umarnin Cache-Control: no-store, wato kada a ajiye. Wanda ya gina shafin da PHP ya sa session_start a fayil guda da kowane shafi ke kira, hatta hotuna ta nan suke bi, ita kuwa PHP da zarar an buɗe zaman mai shiga sai ta liƙa wannan umarni. Squid biyayya kawai take yi.

“To a tilasta mata mana, Injiniya,” in ji hedimasta.

“Ana iyawa, ranka ya daɗe, amma sai uban wani ya buɗe ya ga sakamakon ɗan wani.”

A ganina nan ya nuna ya san aikinsa. Ya raba kayan gida biyu: hotuna, jadawalin karatu da sanarwar kuɗin makaranta aka ba su wa'adin zama a ajiya, shafin sakamako kuma aka bar shi da haramcinsa. Da zango na gaba ya ƙare, HIT ya cika rajista, saba ta ji da sakamakon ɗalibai kaɗai, ba a sayi sabuwar na'ura ba.