Gwajin DNA: Shin takardar ɗakin gwaji na iya raba yaro da ubansa?

Kusan duk shekara sai maganar gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, ta sake tayar da ƙura a shafukan sada zumunta na Najeriya. Wani lokaci rahoton wani kamfani ne ke kunna wutar, wani lokaci kuma rikicin gidan wani fitaccen mutum, kamar yadda aka gani bayan rasuwar mawaƙi Mohbad a watan Satumban 2023, lokacin da mahaifinsa ya nemi a yi wa jikansa gwaji.

Sai a ga maza na rantsuwa cewa sai sun gwada 'ya'yansu kaf, mata kuma na cewa wannan cin mutunci ne. A cikin hayaniyar, ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da zai biyo bayan fitowar sakamakon ba. Mutum ya riƙe takarda a hannu mai cewa yaron ba jininsa ba ne. To, a gaban alƙali, yaron ya daina zama ɗansa ke nan?

A mafi yawan lokuta amsar ita ce a'a, ko a ce ba cikin sauƙi haka ba.

Yadda ake gwajin

Wani masani ɗan Birtaniya, Alec Jeffreys, ne ya gano hanyar bambance mutane ta DNA a Jami'ar Leicester a 1984. Aikin farko da aka yi da ita, a 1985, bai shafi zargin miji da mata ba. Wani yaro ne ɗan asalin Ghana ya koma Birtaniya wajen mahaifiyarsa, jami'an shige da fice suka yi shakkar cewa ɗanta ne, gwajin kuma ya tabbatar da cewa ita ta haife shi, aka bar shi ya zauna.

A yau ba sai an ɗebi jini ba. Ana goga auduga a cikin kumatun yaro da na mutumin, a kai ɗakin gwaji, a kwatanta wasu gurabe a jikin DNA ɗinsu, galibi tsakanin 16 zuwa 24. Kowane ɗan Adam rabin ƙwayoyin halittarsa daga uwa yake, rabi daga uba. Idan gurbi bayan gurbi suka dace, sakamakon kan nuna kashi 99.9 cikin 100 ko sama da haka. Idan aka samu saɓani a gurabe da dama, sai a rubuta sifili.

Kimiyyar tana da ƙarfi. Inda ake samun matsala shi ne hannun mutane: a musanya samfur, a rubuta suna ba daidai ba, ko wani ya kawo audugar da aka goga a bakin wani daban. Haka nan idan mutanen biyu da ake taƙaddama a kansu 'yan'uwa ne na jini, aikin kan ƙara wuya, tagwaye masu kama ɗaya kuwa gwajin da aka saba yi ba ya iya raba su.

Akwai kuma wani ruɗani da ke kashe aure a banza. Ma'aurata su haifi yaro mai cutar sikila, alhali takardar da mijin ya karɓa kafin aure ta ce shi AA ne, sai zargi ya shigo. Gwajin jinin da ake yi kafin aure daban, gwajin nasaba daban, kuma ana samun kuskure a na farkon. Maimaita shi a wani asibitin ya fi araha, ya kuma fi sauƙi a kan saki.

Maganar "ɗaya cikin huɗu"

Adadin da ya fi yawo a wayoyi ya fito ne daga rahoton shekara-shekara na kamfanin Smart DNA da ke Legas, wanda ya ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gwaje-gwajen da ya yi sun nuna mutumin ba shi ne uban ba. Daga nan sai masu yaɗawa suka mayar da shi cewa ɗaya cikin kowane yara huɗu a Najeriya ba na babansa ba ne.

Ba haka lissafin yake ba. Waɗanda ke biyan kuɗi masu yawa su je gwaji, yawancinsu dama akwai abin da ya sa su shakka. Kamar mutum ne ya je asibitin ƙashi ya ƙirga masu karaya, sannan ya fito yana cewa rabin garin guragu ne.

Wani masani Ba'amurke, Kermyt Anderson, ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2006, ya gano cewa a cikin mazan da suka je gwaji saboda zargi, kusan kashi 30 cikin 100 ne zarginsu ya tabbata. A cikin waɗanda ba su da wata shakka kuwa, adadin bai kai kashi 2 ba. Ko a rukunin masu zargin ma, bakwai cikin goma sun tuhumi matansu ne a kan abin da bai faru ba, kuma wannan ɓangaren ba ya samun masu yaɗa shi.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Sashe na 165 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaron da aka haifa a cikin ingantaccen aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren matuƙar uwar ba ta sake aure ba, kotu za ta ɗauke shi a matsayin ɗan mijin. Wanda ke musu shi ne zai kawo hujja.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 63, ta bai wa kotu ikon ba da umarnin yin gwajin kimiyya, har da na DNA, idan ana shari'a a kan wane ne uban yaro. Dokar ta tarayya ce, kowace jiha kuma da irin wadda majalisarta ta amince da ita. Abin lura shi ne, gwajin da kotu ke dogara da shi yana da tsari: a tantance mutanen da katin shaida, ma'aikacin da ba shi da ɓangare ya ɗauki samfurin, a kuma rubuta duk hannun da ya bi. Audugar da uba ya goga a bakin yaro cikin dare, uwar na barci, lauyan ɗaya ɓangaren zai yi kaca-kaca da ita.

Ba kuma gwaji kaɗai ke tabbatar da uba ba. A shari'ar Ukeje da Kotun Ƙoli ta yanke a 2014, takardar haihuwa na cikin hujjojin da aka karɓa wajen tabbatar da cewa wata mata 'yar mamacin ce, kuma tana da haƙƙi a dukiyarsa. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa.

A gaban alƙalin shari'ar Musulunci

Ga yawancin iyalai Musulmi a Arewa, maganar aure da nasaba da gado a kotun shari'ar Musulunci take ƙarewa, inda ake bin mazhabar Malikiyya. A nan ƙa'idar ta fi tsauri: ɗa na mai aure ne. Idan mace ta haihu bayan wata shida ko fiye da ɗaura aure, kuma zai yiwu sun sadu, yaron na mijin ne. Malamai sun fitar da wata shidan ne daga ayoyin Alƙur'ani biyu, ɗaya ta ba ciki da shayarwa wata 30, ɗaya ta ba shayarwa shekara 2.

Kama ba ta rushe wannan ƙa'ida. A hadisi an ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) da damuwar cewa launin jaririnsa ya saɓa da nasa, aka tambaye shi game da raƙumansa, ko ba a samun mai wani launi daban a cikinsu, aka nuna masa cewa gado kan tsallako daga kakanni.

Ƙofa ɗaya aka bar wa mijin da ke son kore ɗa, ita ce li'ani, wanda Suratun Nur ta yi bayani. Zai rantse sau huɗu a gaban alƙali cewa gaskiya yake faɗa, a ta biyar ya kira wa kansa la'anar Allah idan ƙarya yake yi. Matar ma za ta rantse sau huɗu cewa ƙarya yake yi, a ta biyar ta kira wa kanta fushin Allah idan ya yi gaskiya. Daga nan aure ya mutu har abada, yaro ya koma dangin uwa, babu gado tsakaninsa da mutumin.

Malamai sun kuma sharɗanta gaggawa. Mutumin da ya ga ciki ya yi shiru, ya yanka ragon suna, ya karɓi barka, ba zai dawo bayan shekara goma da takardar ɗakin gwaji ya ce ya fasa ba.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na 16 da ta yi a Makka a watan Janairun 2002, ta duba batun DNA kai tsaye. Ta yanke cewa bai halatta a dogara da shi wajen kore nasaba ba, ba kuma za a gabatar da shi a kan li'ani ba, haka nan ba a yin sa don sake bincikar nasabar da ta riga ta tabbata. Amma ta halatta shi idan ana jayayya a kan yaron da ba a san iyayensa ba, ko jarirai suka cakuɗe a asibiti, ko yara suka ɓace a yaƙi ko wani bala'i. A yankin da rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga ya raba yara da dama da iyayensu, wannan ɓangaren fatawar ya cancanci a riƙa jin sa fiye da yadda ake ji.

Wasu malaman wannan zamani sun ƙara da cewa idan matar ce ta nemi gwajin don wanke kanta, ya kamata alƙali ya saurare ta, tunda manufar shari'a ita ce tsare nasaba da mutunci.

Inda abin ya fi ciwo shi ne yaron da aka haifa ba aure. A wajen mafi yawan malamai ba a jingina shi ga namijin, ko da gwaji ya nuna jininsa ne. Shari'ar Amina Lawal ta nuna yadda nauyin ke faɗawa kan mace: a 2002 aka yanke mata hukuncin jefewa a jihar Katsina saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta, mutumin da ta ambata ya musanta aka sallame shi, ba a yi wani gwaji ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta wanke ta a ranar 25 ga Satumban 2003, kuma cikin dalilan da aka kawo har da ra'ayin Malikiyya na kwantaccen ciki, wanda ke ba da damar jingina yaro ga tsohon miji har tsawon shekaru bayan saki.

Wa ke sa ido?

Wasu ƙasashe sun ɗaure harkar tamau. A Faransa, yin gwajin nasaba ba da umarnin kotu ba laifi ne da ke iya jawo ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 15,000. Yaron da ake gwadawa dai ba shi da bakin cewa ya yarda ko bai yarda ba, alhali sunansa da gadonsa da gidan da zai kwana ne ke kan sikeli.

Majalisar ta Makka ma ta ba gwamnatoci shawarar kada a yi gwajin nasaba sai da buƙatar kotu, a ɗakunan gwaji na hukuma, a kuma hana 'yan kasuwa shiga harkar. A Najeriya kuwa, kamfanoni na tallar gwajin a Facebook da Instagram, wasu har da alƙawarin kawo kayan ɗaukar samfur gida, su turo sakamako ta waya cikin 'yan kwanaki.