Tafiyar Asuba da Ƙwayar Safe: Masu Ciwon Zuciya a Ƙasar Gumel

Batun ruwa ne ya kai mai wannan rubutu wani ƙauye da ke tsakanin Gagarawa da Gumel. So yake ya ga yadda ake fama da rijiya mai zurfi a ƙasar rairayi idan rani ya yi nisa. An yi masa maraba, an ba shi fura. A bakin rijiyar ne ya lura da wata matashiya mai goyo da ta zo da tulu amma ba ta taɓa guga ba. Ƙanwar mijinta ce ta ja mata ruwan, ita ta ɗauke mata tulun. Da ya tambaya, sai aka ce likita ne ya hana ta, zuciyarta ce ta yi rauni bayan haihuwa.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan mata masu jego da zuciyarsu ke kasawa a Zariya, suka danganta abin da wankan jego, kwanciya a gadon ƙasa mai zafi da shan kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta daga baya ya nuna cewa lamarin ya wuce al'ada kawai, akwai talauci da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki. Ga dattawa kuwa, hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya.

Uwar mijin matar ce ta fi kowa baki, kuma labarinta ne ya cinye yinin. Ta ce kafin a yi arba'in ƙafafun surukarta suka kumbura, idan aka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da bango, ga tari cikin dare, ga haki ko daga ɗaki zuwa madafa. An yi jiƙo, an yi hayaƙi, sai da abu ya ƙi aka ɗauki mota zuwa asibiti, daga can aka tura su Kano aka yi hoton zuciya.

Abin da ya fi damun tsohuwar shi ne umarnin da suka dawo da shi. Ita a saninta mara lafiya kwanciya yake yi. Sai ga malamar asibiti ta ce yarinyar ta riƙa tattaki.

"Na ce mata, Malama, wadda ba ta da numfashi ita za a ce ta yi yawo?"

"Ta ce mini, Inna, ba yanzu ba, sai kumburin ya saɓe. Amma idan kika bar ta a kwance wata da watanni, naman jikinta zai saki, zuciyar kuma ta ƙara shan wahala."

Malamar ta yi gaskiya. Idan aka shawo kan ruwan da ya taru a jiki, motsa jiki da lissafi yana ƙara ƙarfi, yana rage komawa gadon asibiti. A manyan asibitoci akwai keken motsa jiki da gwajin tafiyar minti 6. A nan abin da ake da shi shi ne hanyar gona. Matar ta fara da minti 5 a tsakar gida, yanzu tana kaiwa kusan rabin awa bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, don zafin watan Afrilu a yankin nan yakan haura digiri 40. Ma'aunin da aka ba ta mai sauƙi ne: ta yi tafiyar da za ta iya hira a cikinta. Idan magana ta gagara, ko ta ji jiri ko ciwon ƙirji, ta zauna. Daka, jan guga da ɗaukar kaya a ka sai likita ya ba da izini.

Magani shi ne inda gizo ke saƙar. Akwai Lasix, wanda kowa a gidan yake kira maganin fitsari, shi ke fitar da ruwan. Shi ake ganin aikinsa da ido, don haka shi ake fara saye idan kuɗi ya gaza. Sauran ƙwayoyin, irin su lisinopril, carvedilol da spironolactone, aikinsu a hankali yake, alhali su ne ke ba zuciyar damar farfaɗowa da tsawaita kwana. Mutane da yawa da zarar ƙafa ta saɓe sai su ɗauka an warke, su daina sha, bayan 'yan makonni a sake kwasar su ranga-ranga. Ba taurin kai ba ne. Mijin matar nan manomin riɗi ne, kuma kowane wata sai ya kai tiya kaɗan kasuwar Maigatari ranar Alhamis kafin ya biya kemis. Abin da ya adana don iri yana raguwa, ya san da haka, bai fasa ba.

An rage gishiri da dunƙule a tukunyar gidan gaba ɗaya, tafarnuwa da citta suka maye gurbi. Kanwa kuwa an sallame ta, ko da yake tsohuwar ta ce har yanzu hannunta yakan kai gare ta idan za ta kaɗa miyar kuka.

Maganar da ta rage ita ce ta haihuwa. An gaya wa ma'auratan cewa wani ciki kafin zuciyar ta dawo daidai yana iya zama hatsari ga ranta, kuma wasu daga cikin ƙwayoyin ba a shan su da juna biyu. Mijin ya amince da tazara. Uwarsa ta ce da farko abin ya yi mata nauyi, amma ita ce yanzu take raka surukarta karɓar allurar tazarar haihuwa, kuma ita ke ajiye katin asibiti har ranar da za a koma Kano a sake hoton.