Direba Daban, Jagora Daban: Faɗakarwa Ga Masu Zagaya Jidda

Duk shekara, da zarar Umarar azumi ta kankama ko an sauko daga Arfa, sai WhatsApp da TikTok su cika da bidiyo iri ɗaya. Ga bayin Allah sun yi cirko-cirko a bakin teku a Jidda, ana ta kabbara, wani yana nuna wani farin masallaci yana rantsuwa cewa a kan ruwa yake yawo, babu abin da ya riƙe shi sai ikon Allah. A wani bidiyon kuma za ka ga mata sun jingina da katangar wata maƙabarta suna shafawa suna kuka, wai sun zo gaida Nana Hauwa'u. In ka bi diddigin maganar, kusan kullum wuri guda take komawa: direban da suka ɗauka shata ne ya faɗa musu haka. Sun biya kuɗi an zagaya da su, sun koma gida da tatsuniya, su ma suna rabawa kamar tsaraba. Abin ya isa haka nan.

Zagayen shata ba wani baƙon abu ba ne. Kai da iyalinka ko abokan tafiyarka ku ɗauki mutum guda ya nuna muku gari, ku tsaya inda kuke so, ku tashi lokacin da kuka ga dama, maimakon a cusa ku cikin babbar bas ana ƙirga ku. Ga mai tafiya da tsohuwa ko yara, wannan ya fi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar ita ce wanda ake damƙa wa zagayen, da dalilin da ya sa ake zaɓensa.

Dalilin da aka fi ji shi ne: ai ɗan'uwanmu ne, yana jin Hausa, kuma shekararsa ashirin a garin. Wannan magana ce mai daɗin ji, amma ba ta da ƙashi. Daɗewa a gari ba shi ne sanin gari ba. Mutum nawa ne aka haifa a Kano, suka yi furfura a cikinta, amma in ka tsayar da su a ƙofar Gidan Makama ko bakin karofin Ƙofar Mata ka ce su yi wa baƙo bayanin minti biyar, sai su hau kame-kame? Ba laifinsu ba ne, neman abinci ne ya kai su wani wajen. Haka direban Jidda. Ya san hanyar filin jirgi, ya san inda ake awon kaya, ya san kasuwar darduma da ta zinare, ya san reshen gidan abinci na Albaik da layinsa bai cika tsawo ba. Wannan sani ne mai amfani, kuma ya cancanci a biya shi a kansa. Sai dai sanin direba ne. Ita kanta Jiddar da ya sani tana zame masa, domin daga ƙarshen 2021 hukuma ta rushe unguwanni da dama, ciki har da Karantina da Sabil da Gulail, inda mutanenmu suka daɗe suna zaune. Wanda ya bar garin shekara biyar ya dawo, sai ya tambayi hanya.

Duba abin da ake tsallakewa idan aka bar zagaye a hannun wanda bai sani ba. Jidda ta zama tashar jiragen ruwan Makka tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, a shekara ta 26 bayan Hijira, kuma ta nan mahajjata na teku suka riƙa shigowa ƙarni bayan ƙarni, har da kakanninmu da suka bi ta Sudan suka tsallako Bahar Maliya. Tsohon garin, wanda ake kira Balad, yana nan, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. An kewaye shi da ganuwa a farkon ƙarni na 16 saboda tsoron harin jiragen Turawan Fotugal, aka rushe ganuwar a 1947 da gari ya faɗaɗa. Gidajensa da dutsen murjani aka gina su, wanda aka fasa daga gaɓar teku. In ka matsa kusa da bangon da yaɓensa ya zube za ka ga ƙananan ramuka da ɓawon halittun ruwa a cikin dutsen, da jerin katako da aka shimfiɗa tsakanin sahu da sahu don ginin ya ɗauki nauyin benaye. Tagogin katako masu zane da suka turo kai waje, rawashin, ba don ado kawai aka yi su ba: suna tace rana, suna jawo iskar teku, matan gida suna kallon titi ba a ganinsu. Akwai Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a 1925, da tsohuwar bishiyar darbejiya a ƙofarsa. Akwai Masallacin Shafi'i da kasuwar Alawi. Duk waɗannan da ƙafa ake shiga musu, lungu-lungu. Shi kuwa direba ba ya son barin motarsa, ba ya son neman wurin ajiye ta, don haka sai ya rage gudu a Bab Makka ya ce ga tsohon gari nan, ya taka mota. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Da abin ya tsaya a tsallakewa, da sauƙi. Wanda bai sani ba kuma aka biya shi don ya yi magana, dole ya cike gurbin da wani abu. Masallacin nan da ake ce wa mai yawo, sunansa Masallacin Rahma, an gina shi a shekarun 1980, kuma a kan ginshiƙai yake tsaye. Idan ruwa ya cika sai ya rufe su, idan ya janye kowa na iya ganinsu da idonsa. Kyakkyawan gini ne, sallah a cikinsa da daɗi, amma aikin injiniyoyi ne. Maƙabartar da ake jingina wa Nana Hauwa'u kuwa tsohon zance ne na mutanen gari, babu wani ingantaccen nassi da ya tabbatar da shi. An rushe ginin da ke kan wurin a 1928, aka kuma toshe shi da kankare a 1975 don a hana irin abin da ake yi yanzu a bidiyo. To me ya sa ake ci gaba da kai mutane? Saboda kalmar lada tana buɗe jaka. In aka ce wa Hajiya zo ki ga gari, za ta yi ciniki. In aka ce mata ziyara ce, sai ta miƙa kuɗi tana godiya. Kowane ɗalibi ya san masallatai uku da hadisi ya keɓe da yin tafiya ta musamman domin su, kuma babu na Jidda a ciki. Yawon ganin gari halal ne, ba ya buƙatar a yi masa rawanin ƙarya. Wanda ya sayar maka da ƙarya da sunan addini ya cuce ka sau biyu, a aljihu da kuma a aƙida.

Sai batun araha, wadda ita ce hujja ta biyu. Ana cewa ɗan'uwan namu kuɗin mai kawai yake karɓa. A yi lissafi mana. Mutum ya bar aikinsa awa biyar, ya ƙona mai, ya sha rana, don kuɗin da bai kai na ɗaukar fasinja biyu ba. Daga ina ribarsa za ta fito? Daga la'ada. Akwai shagon da ya san shi, akwai mai turare, akwai mai zinare, kuma duk riyal ɗin da ka kashe a can yana da kasonsa, wanda mai shago ya riga ya ɗora a kan farashin da ya gaya maka. Shi ya sa zagayen da aka ce na ganin gari ne yake ƙarewa da minti goma a bakin teku da awa biyu a kanti, ana ta ce maka nan ne ake samun na asali. Ba a Jidda kaɗai ake wannan ba, haka ake yi a duk garin da baƙi ke zuwa. Araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da ba a tunawa sai ranar da aka shiga uku, wato wa za ka kama idan abu ya lalace. A Saudiyya jagorancin masu yawon buɗe ido sana'a ce mai lasisi daga Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, kuma 'yan ƙasa aka keɓe wa ita. Ɗaukar fasinja don kuɗi shi ma da izininsa; masu yi da motar gida ba izini, waɗanda ake kira kaddad, ana kama su ana cin tararsu. Idan jami'ai suka tare motar da kake ciki, aka tarar direban ba shi da izini ko igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta mutu, kai da tsohuwarka za ku tsaya a gefen titi. Idan hatsari ne, Allah ya kiyaye, sai a fara jayayya kan ko inshorar motar gida ta shafi fasinjan haya. Mai lasisi yana da suna da lamba da ofishin da za a kai ƙararsa. Wancan kuwa lambar waya ce kawai, gobe ya canza layi. 

Na san abin da za a ce. Za a ce mai lasisin Larabci da Turanci yake ji, Hajiya kuwa Hausa kawai. Gaskiya ne, harshe ba ƙaramin abu ba ne. Amma maganinsa tafinta ne, kuma da wuya a sami ayarin da babu ɗalibin Islamiyya ko ɗan boko guda a ciki. Fassarar da ta ɗan yi tuntuɓe a kan gaskiya ta fi tsantsar Hausa a kan ƙarya. Kuma a tambayi kamfani ko yana da mai jin Hausa, tunda akwai 'yan ƙasar masu asalin Hausa da yawa, waɗanda ake kira Hausawi. Za a ce yana da tsada. E, ya fi tsada, amma mutum shida in suka raba kuɗin jagora guda, abin da zai faɗo wa kowa sau da yawa bai kai ƙarin da aka yi masa a turare ba. Za a kuma ce ai zumunci ne, ɗan'uwa yana neman halaliyarsa a ƙasar mutane. Babu mai hana zumunci. In yana da izinin tuƙin haya, ɗauke shi a matsayin direba, ka biya shi da kyau, ka yi masa ihsani. Kada dai ka ɗora masa aikin malamin tarihi, ka tilasta masa ƙirƙira.

To yaya za a zaɓa? Fara da tambayar ejan ɗinka abin da bizarka ta halatta maka, domin ta Hajji da ta Umara ba ɗaya ba ne wajen zirga-zirga. Sannan ka nemi jagora ta otal ɗinka ko ta kamfani mai rajista, ka ce a turo maka hoton katin lasisinsa tun kafin ku haɗu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ka jarraba shi da tambaya biyu a waya. Ka ce masa a kan me Masallacin Rahma yake tsaye, ka ce masa me ya tabbata game da kabarin Hauwa'u. In ya ce ginshiƙai, ya ce zance ne na mutanen gari, ka sami mutum. In ya fara da wallahi abin mamaki ne, ka yi masa sallama. Duk abin da kuka shirya a rubuta shi a saƙo: awa nawa, wurare nawa da sunayensu, kuɗin na mota ne ko na kowane kai, wa zai biya kuɗin shiga da na abinci, nawa ne in an wuce lokaci, ina za a tsaya sallah. Ka rubuta ƙarara cewa ba a tsayawa shago sai in kai ka nema. Kada ka biya duka tun farko, ka riƙe wani kaso sai an sauke ku. Fasfo kuwa ba ya barin jikinka, ko da wane irin dalili aka kawo maka.

Lokaci ma a lura da shi. Jidda gari ne mai zafi da gumi, kuma da tsakar rana Balad a mace take, shaguna a rufe. Wanda ya ce zai kai ku can da ƙarfe goma sha biyu bai san aikinsa ba, ko kuma yana da wani fasinjan da yamma. Bayan La'asar ake shiga, a yi Magariba a ciki, sannan a gangara bakin teku a ga maɓulɓular Sarki Fahad, wadda ke harba ruwan teku sama da mita 250, lokacin da aka haska ta da fitilu. Safiyar Juma'a ba ta zagaye ba ce. Mai son kasuwar kifi ta Bangala kuwa sammako zai yi, ba a haɗa ta da Balad a fita ɗaya. In da tsofaffi a ayarin, a faɗa wa jagora tun farko don ya rage tafiyar ƙafa, ya san inda za a zauna da inda bayan gida yake. In an ce za a shiga kwalekwale a Abhur, a ga rigar kariya ta kowa a hannu kafin a taka ƙafa, har da ta yara. Masu zuwa daga Makka ba dole ne su yi shatar mota tun daga can ba. Jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana sauke fasinja a tashar Sulaimaniyya cikin kusan rabin awa, jagora ya tare ku a nan. Kuma kada a sa zagaye a ranar tashi. Cunkoson titin Madina da yamma ba ya sauraron tikitin kowa, ga awon kaya da layin shige da fice suna jira. In rana ɗaya ce ta rage maka a Jidda kuma jirginka na daren ne, ka bar zagayen sai wata zuwa.