Yadda Tsohon Suna Ke Jawo 'Yan'uwansa

Idan aka raɗa wa ɗan fari tsohon suna, irin su Abubakar ko Hauwa'u, galibi kaka aka yi wa takwara. Tunani yakan taso ne a haihuwa ta biyu: wane suna zai zauna kusa da wannan, ba tare da ɗaya ya zama kamar baƙo a gidan ba?

Magabata ba su sha wannan wahala ba, domin sunayen a jere suke zuwa. Gidan da aka samu Abubakar, ana sa ran Umaru zai biyo baya, sai Usman, sai Aliyu, bisa jerin halifofi huɗu. A ɓangaren mata akwai 'ya'yan Manzon Allah (SAW): Zainabu, Rukayya, Ummukulsum da Fatima. Wani uban kuwa duk 'ya'yansa maza Muhammadu ne, sai a bambance su da ƙidayar Larabci: Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, har zuwa Ashiru na goma. Da jin sunan ka san ko yaro na nawa ne a gidansu.

Tagwaye kam da sunansu suke zuwa: Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, mai bi musu kuma Gambo. Duk da haka al'adar ba ta ɗaure kowa ba. Da aka haifa wa Shehu Usman Ɗanfodiyo tagwaye a 1793, namijin ya zama Hassan, macen kuwa Asma'u, wadda duniya ta sani da Nana Asma'u.

A yau iyaye da yawa amon suna suke bi, su jera Amira da Samira da Munira. A baki da daɗi, amma kira ɗaya daga tsakar gida sai yara uku su amsa. A ganina asalin suna ya fi amonsa muhimmanci. Ƙanwar Hauwa'u ta fi dacewa da Maryamu ko Saratu, domin dukkansu daga tarihin annabawa suka fito.

Sai kuma a tuna da alkunya. Uwa ba ta kama sunan surukinta ko surukarta, don haka takwaran kaka yakan tashi da Abba, Baba ko Ummi. Wannan laƙabin ne ake ji kullum a gida, saboda haka a gwada sunan da za a raɗa wa jaririn da shi ma, kafin a sanar da liman ranar suna.