Kafin a Sayi Ragon Suna

A yawancin gidajenmu, da zarar ciki ya tsufa sai hankalin kowa ya koma kan ranar suna. Maigida na lissafin rago da goro da shinkafa, mai ciki da ƙawayenta na zaɓen atamfar fitar suna a Kantin Kwari, dangi na ta haɗa kayan barka. Duk wannan ba laifi ba ne. Sai dai tsakanin haihuwa da suna akwai mako guda cur, kuma babu lokacin da ya kai shi hatsari a rayuwar jariri. Abin da zai kare shi a wannan mako bai kai kuɗin cinyar ragon ba, amma shi aka fi mantawa.

Jakar haihuwa ita ce farko, kuma a haɗa ta tun ciki na wata takwas. Wasu na camfa yi wa jariri sayayya kafin ya zo duniya, wasu kuma kunyar ɗan fari ke hana su, alhali naƙuda ba ta sallama. A sa katin awo, da wankakkun zannuwa masu laushi, da audugar mata, da sabulu, da safar hannu, da ledar shimfiɗa. Asibitoci da dama kan faɗi abin da suke so a zo da shi, sai a tambaya tun wurin awo. Maigida kuma ya ware kuɗin mota daban, ya riƙe lambar direban da zai amsa waya ko da ƙarfe biyun dare, ya san ɗan'uwan da zai ba da jini in ta kama. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan.

Sai cibi, wanda a nan ne ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ɗanyen cibi ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jinin jariri. Gasa shi da tsumma mai zafi, ko shafa masa toka, ko gishiri, ko man goge baki don wai ya yi saurin faɗuwa, hanya ce ta shigar da ƙwayoyin cuta, har da tsinkau-tsinkau. Hukumomin lafiya na Najeriya sun amince da man cibi na musamman, wanda za a ga an rubuta Chlorhexidine 4% a jikin kwalinsa. Ba shi da tsada. A wanke hannu, a shafa a cibin kamar yadda ma'aikaciyar lafiya ta nuna, a bar shi ya sha iska, zai faɗi don kansa. Amma a kiyaye: na cibi ne kaɗai. Idan ya shiga ido yana iya makantar da yaro, don haka kada a ajiye shi wuri ɗaya da maganin ɗigawa a ido.

Akwai kuma abin da rashin sayensa shi ne alheri. Kafur ɗin da ake zubawa a akwati don ƙamshi da korar kyankyaso guba ne ga wasu jarirai. Yara da yawa a yankinmu, musamman maza, ana haihuwarsu da wani rauni na gado a jini, wanda ba a gani da ido. Da sun shaƙi kafur, ko aka shafa musu mantaleta da hoda mai yaji, sai ƙwayoyin jininsu su farfashe, shawara mai tsanani ta biyo baya, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. In an ga ido ko fatar jariri ta yi rawaya, a nufi asibiti a ranar. Shanya shi a hantsi ko ɗura masa ruwan sukari ɓata lokaci ne.

Kwalli ma haka. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake ranbaɗa masa, sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Kakanni za su ce ai da shi aka raine mu. Gaskiya ne, amma dalma ba ta kayar da yaro nan take, basirarsa take ci a hankali.

Haka nan kada a cika kwando da magungunan kyamis na ciwon ciki da na haƙori. Ba a manta da My Pikin ba, maganin haƙorin da ya gurɓata a 2008 ya kashe yara sama da 80 a Najeriya. Duk maganin da za a ba jariri, likita ya rubuta, a duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Fida da madarar gwangwani kuwa a bar su a kanti sai in likita ya ce. Nonon uwa zalla ya wadatar har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa, kuma dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar shi ne kariyar farko da yaro ke samu.

Tufafi ba sa buƙatar dogon bayani. 'Yan riguna na auduga kaɗan sun isa, domin kafin arba'in sun matse shi. Na gwanjo ma ba aibi ba ne in an wanke an shanya a rana an goge. Hula da safa dole ne, balle a hunturu, saboda jariri na saurin yin sanyi, shi ya sa ma ake son a jinkirta wankan farko zuwa awa 24. A tanadi famfas ko nafkin, da gidan sauro mai magani. Matashin kai ba na jariri ba ne, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa marar lotsawa.

Kafin a bar asibiti a tabbatar an yi masa allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, an ɗiga masa maganin shan inna, an karɓi katin rigakafi. Kyauta ne a asibitocin gwamnati. In a gida aka haihu, a kai shi asibiti mafi kusa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira a yi suna, balle a gama wankan jego. Zagaye na gaba yana mako 6, sai 10, sai 14.