Fitilar Da Za Ta Bi Kyamara Cikin Ruwa

A Babbar Kasuwar Katsina, duk wanda ya ratsa ta wajen masu kayan lantarki ba zai rasa tocila ba. Akwai ta goshi irin ta mafarauta, akwai doguwa ta 'yan sintiri, akwai mai caji da hasken rana, ga kuma fitilun zobe da 'yan TikTok ke kafawa gaban fuska. Kwalaye da yawa an buga musu hoton ɗigon ruwa, da rubutun Turanci mai cewa ruwa ba ya shiga. Saurayin da ya mallaki 'yar kyamarar GoPro, ko wayar da aka ce tana jure ruwa, kuma yake marmarin ɗauko hoton kifi a cikin ruwa, nan zai fara yada zango. Nan kuma ake tafka kuskuren farko, domin tocilar da ta jure ruwan sama daban take da wadda za ta nutse ta ci gaba da haske.

Wani zai ce ina Katsina ina hoton ƙarƙashin ruwa, alhali teku tana can Legas? Sai dai jihar ba ta rasa ruwa ba. Akwai madatsar Ajiwa da birnin ke sha daga gare ta, akwai ta Jibiya, akwai Zobe kusa da Dutsin-Ma wadda aka kammala a 1983. Mai kiwon tarwaɗa yana son ganin yadda kifinsa ke cin abinci a ƙasan tanki, ya kuma nuna wa masu saye. Ko a wajen jihar, a Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, har UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, dubban hotuna ake ɗauka a bakin Matan Fada, amma kusan dukkansu daga sama ne: gora, homa, da kawunan masunta. Abin da ke gudana tsakanin masunci da giwan ruwa a can ƙasa, ido bai cika ganinsa ba.

Matsalar farko ita ce ruwa yana cinye launi, kuma bi da bi yake ci. Ko a ruwa mai garau, ja ne ke fara tafiya. Kafin a kai zurfin mita 5 ya kusan ɓacewa. Ruwan lemo ya bi baya wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, sai kore, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. Shi ya sa mai nutso idan ya yanke a zurfi yake ganin jininsa kore-kore. Abin da sabon shiga bai cika lura da shi ba shi ne, wannan lissafi bai tsaya kan zurfi kaɗai ba. Idan kifi yana nesa da mita 2, hasken fitila zai yi mita 2 zuwa, ya yi mita 2 dawowa, ya ci mita 4 ke nan, jan da ke cikinsa ya riga ya tsiyaye a hanya. Don haka komai tsadar fitila, amfaninta wajen dawo da launi bai cika wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba.

Magabatan wannan sana'a sun sha wuya a kan haka. A 1893 wani masanin halittun ruwa Bafaranshe, Louis Boutan, ya fara ɗaukar hotuna a ƙasan teku a Banyuls, kudancin Faransa. Saboda ƙarancin haske, hoto ɗaya kan ci shi har rabin sa'a. Fitilar da aka ƙera masa 'yar wuta ce cikin tulun gilashi, an ɗora ta kan ganga mai riƙe iska, ana fesa mata garin maganiziyam ta yi walƙiya. A 1926 kuma William Longley da Charles Martin suka ɗauki hoton kifi mai launi na farko a ƙarƙashin ruwa, a tsibiran Dry Tortugas na Amurka, ta hanyar tayar da garin maganiziyam a kan wani abin shawagi a saman ruwa. Mujallar National Geographic ta buga shi a Janairun 1927. Abin da suka yi kasada da rayukansu a kansa, yau ƙwan LED da bai kai ƙwayar gyaɗa ba yana yin sa.

To amma su a teku suka yi aiki. Ruwan arewa wani abu ne daban, musamman da damina, lokacin da rafuka ke kwaso laka su zuba a madatsa, ruwa ya koma kamar kunun kanwa. A irin wannan ruwa, haske mai ƙarfi abokin gaba ne. Duk direban da ya taɓa kunna babbar fitila cikin ƙurar hunturu a hanyar Katsina zuwa Kano ya san abin: maimakon ya ga titi, sai farin bango ya tsaya masa a gaba. Haka yake a ruwa. Kowace ƙwayar laka da ke tsakanin kyamara da kifi tana kama haske ta mayar da shi cikin idon kyamara, hoto ya fito da fararen ɗige-ɗige kamar an watsa masa gari. Fitilar da ke jikin kyamara ko waya ita ce ta fi kowace jawo wannan, domin tana dab da idon, hasken da ta tura kai tsaye yake dawowa.

Maganin ba ƙarin haske ba ne. A raba fitila da kyamara, a ɗora ta kan hannu mai lanƙwasa, can gefe ko sama, a ɗan karkata ta waje yadda gefen hasken ne kawai zai taɓa kifin, ruwan da ke tsakiya ya zauna cikin duhu. Sannan a matsa kusa, a ƙara matsawa. A ganin mai wannan rubutu, kuɗin da aka kashe wajen farantin ɗora kyamara da hannun riƙe fitila ya fi amfani ga mai koyo a ruwan laka fiye da wanda aka ƙara don sayen fitila mai ninkin ƙarfi.

Fitilun kansu iri biyu ne. Akwai filasha, mai walƙiya sau ɗaya lokacin da aka danna, wadda kamfanoni irin su Inon da Sea & Sea na Japan da Ikelite na Amurka suka shahara da ita. Walƙiyarta tana da ƙarfi ƙwarai, tana kuma tsayar da kifi mai gudu cak a hoto. Sai dai tana da tsada, tana buƙatar igiyar da za ta haɗa ta da kyamara, ba ta yin bidiyo, kuma ba kaya ba ne da ake sa ran tararwa a rumfar mai tocila. Odarta ake yi. Ta biyu ita ce fitilar bidiyo mai ci gaba da haske. Ita ta fi dacewa da mai farawa, domin abin da ido ya gani shi zai fito, kuma tana aiki da waya da GoPro, waɗanda ba su iya tayar da filasha ta yadda aka saba.

Idan aka zo ciniki, ɗan kasuwa zai fara nuna nisan da tocila ke kaiwa, ya haska bangon da ke can ƙarshen layi. Wannan shi ne ainihin abin da mai hoto ba ya so. Tocila mai tsinin haske, mai faɗin digiri 10 ko 15, za ta ƙona tsakiyar hoto fari fat, gefe ya zama baƙi. Ana neman mai shimfiɗa haske daidai wa daida, faɗin digiri 100 ko fiye, ba tare da tabo a tsakiya ba. Gwajin ba wuya: a haska farar takarda daga nisan kamu ɗaya a duba. Ƙarfin lumen 1,000 zuwa 2,500 ya wadatar ga hoton kusa, muddin akwai maɓallin rage shi. Launin hasken kuma ya zama fari irin na hantsi, wajen 5,000K, ba mai shuɗi-shuɗin nan na fitilu masu araha ba.

Batun shigar ruwa kuwa, lamba ake dubawa, ba hoton kwali ba. IPX4 fantsama kawai take jurewa. IP67 na nufin mita 1 na tsawon minti 30. IP68 ta wuce haka, amma kamfani ne ke faɗin iyakarta, don haka sai an ga zurfin a rubuce da mitoci. Dalili shi ne kowace mita 10 ana ƙara wa fitila matsin da ya kai wanda iskar sararin sama ke yi a kanta a bakin ruwa, ruwa kuma yana neman ƙofa komai ƙanƙantarta. Fitilar nutso ta gaskiya za a ga zoben roba, sau da yawa biyu, a bakin murfin batir. Wadda ramin cajinta ɗan marfin roba ne kawai ya rufe, a bar ta ga masu gadi.

Sai batir, inda aka fi cutar mutane. Yawancin waɗannan fitilu suna amfani da batirin litiyam mai lamba 18650. Na ƙwarai, daga manyan kamfanoni, ƙarfinsa bai cika wuce 3,500mAh ba. Duk wanda aka rubuta masa 9,900mAh, rubutun ƙarya ne, kuma sau da yawa ana gane shi tun daga rashin nauyi a hannu. Batirin litiyam da ruwa ya taɓa, ko ya kumbura, yana iya kama wuta, ba a sake cajinsa. Fitilar nutso kuma ruwa ne ke sanyaya ta. A bar ta kunne a sarari cikin zafin bazarar Katsina, ƙwan zai iya lalacewa.

Kafin kowace shiga ruwa, a zare zoben roban a goge, a duba da kyau, domin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta buɗe wa ruwa hanya, kuma ƙurar hunturu ba ta barin komai. A shafa masa man silikon kaɗan, har ya yi sheƙi kawai. Basilin yana lalata wasu robobin. Sabuwar fitila kuma a cire mata batir, a cusa busasshiyar takarda, a rufe, a nutsar a cikin duro na sa'a guda. Idan takardar ta fito a bushe, an tsallake mataki na farko.

Akwai abin da ya fi kyamara tsada. Madatsa ba wurin koyon iyo ba ce, mutum ba ya shigarta shi kaɗai, ba a shiga ba tare da sanin masuntan wurin da Sarkin Ruwa ba, su ne suka san inda rami yake da inda aka shimfiɗa koma. Ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya. Fitilar da ke haɗe da wutar gida ko janareta kuwa, ko kusa da bakin tanki kada ta je.

Mai koyo zai fi cin riba idan ya fara da tankin kifi da aka sauya wa ruwa, ko wurin iyo na otal, da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ke tsaye, ya gwada hoto ba fitila, sannan da fitila a gefe, ya kwatanta. Wanda ya samu hali kuma ya nufi Yankari a Jihar Bauchi. Maɓuɓɓugar Wikki tana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin kusan digiri 31 dare da rana, zurfinta bai kai mita 2 ba, ana hango farin yashin ƙasanta daga sama. Da rana hasken Allah ya isa a can. Fitila sai an matsa ƙarƙashin inuwar itatuwan da suka rufe bakin ruwan, ko gindin dutsen da ruwan ke ɓulɓulowa.